Ranar da Malam Ya Shiga Jar Mota

Mijina ya sayi motarsa a zamanin tsuke bakin aljihu, wanda 'yan boko suke ce wa ostariti, lokacin da muke bin layi a rana saboda sabulu da madara, sai layi ya zo kanka a ce ya ƙare. A irin wannan lokaci mai hankali in ya samu sarari akuya yake saye. Shi kuwa bawan Allah, malamin aikin ƙarfe a sakandaren Gwarzo, sai ya shigo unguwa wata la'asar a cikin wani jan abu mai ƙugi, kansa a waje, hularsa a cinya.

Wani Bature injiniya ne ya bar masa ita. Yana aikin madatsar ruwa a wajen Kabo, aiki ya tsaya, ya tattara komatsansa zai koma gida. Mijina ya daɗe yana zuwa wurinsa ranar Asabar yana riƙe masa sifana, suna kwanciya a ƙarƙashin motar kamar masu neman allura. Da zai tafi ya sallama masa ita, ya haɗa masa da tulin tsofaffin mujallun tseren mota a cikin kwali.

Motar ƙasa-ƙasa take, mai dogon hanci, rufinta na tamfol ne ana naɗe shi baya. In ka zauna a ciki tsakaninka da kwalta bai fi taƙi ɗaya ba. Kujera biyu gare ta, ta direba da ta kusa da shi, shi ke nan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zagaya ta, ta leƙa baya, ta tambaye shi ko sauran sai wata ya yi za a kawo. Tun daga ranar duk Gwarzo ake ce mata rabin mota.

Abin da ya sa mutane suka ji haushi, a garinmu mai mota ba shi kaɗai yake da ita ba. Mace ta fara naƙuda, ƙofarsa za a buga. Za a kai amarya, shi ne. Buhun gero zai tafi Getso, a ce don Allah ka rage masa hanya. To ga mota ta shigo unguwa, amma but ɗinta ko tukunyar taron suna ba ta shiga. Mutane suka ce wannan ai rowa ce aka yi wa taya. Ni kaina na faɗa masa, ina da goyo a baya da wani a hannu, na ce ya nuna mini inda zan sa su. Ya ce ai ba motar kai yara ba ce, motar tsere ce. Na ce to da wa za ka yi tseren, da jakunan ƙauyen Mainika?

Duk wannan surutu bai dame shi ba. Mutum ɗaya yake so ya shiga motar nan, shi ne mahaifinsa.

Surukina alaramma ne, duk muna ce masa Malam. Mijina kuma ɗan farinsa ne, Malam kuwa mutumin da ne, yana yi masa kunyar ɗan fari irin ta asali. Ba ya faɗin sunansa, ba ya kallonsa ido da ido, ba ya zama da shi su biyu. In yana da magana da shi sai ya juya wajen ƙanin mijina, wanda yake bi masa, ya ce, "Ka gaya wa wancan a duba katangar baya." Wancan ɗin kuwa yana durƙushe a gabansa, kunnuwansa lafiya lau. Shi ma sai ya dubi ƙanen ya ce, "Ka ce wa Malam za a duba." Inna, mahaifiyarsa, ita ma haka, sai dai ta ce "mai babban ɗaki". Ni kuma matarsa ba na faɗin sunan miji. In ba don ɗalibansa da suke rubuta shi a bayan littafi ba, da mutumin nan ya manta yadda aka raɗa masa.

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Amma na zauna da shi, na san abin yana cinsa. Ƙannensa suna zama kusa da buzun Malam, su yi masa tausa, har dariya suna ba shi. Shi kuwa daga bakin soro yake gaisuwa.

Al'ada ce wanda ya yi sabon abin hawa ya fara kai wa mahaifinsa, uba ya shiga ya zauna, ya yi addu'a, a zagaya da shi ko nan da bakin kasuwa ne. Mijina ya wanke motar har tana ɗaukar ido, na soya waina ta sadaka, aka kai ta ƙofar gidan Malam. Malam ya fito da sandarsa ya tsaya ya dubi motar. Sai ya ce wa ƙanen, "Tambayi wancan, mutum nawa take ɗauka?"

Ƙanen ya ce, "Biyu, Malam, har da direba."

Malam ya ce, "Allah ya tsare," ya juya ya koma ciki.

Mijina ya ɗauka fushi ne, irin na mutanen gari. Ni ce na gano zancen, ina kwashe sauran waina. Motar da ƙanen ya saya daga baya, akori-kura ce, Malam yana shigarta ba gardama. Wannan kuwa in ya shiga, kafaɗarsa za ta gogi ta ɗan farinsa, su biyu rak, kuma babu inda ɗan aike zai zauna. Da na faɗa wa mijina sai ya ce, "To ai shi ya sa nake so ya shiga."

Haka muka yi ta tafiya shekara da shekaru. Kayan gyara suka yi wuya, ya koyi yi mata dabara, wani abin a Kano yake samowa, wani ya ƙera da hannunsa a makaranta. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya fito da ita, ya je Kabo ya dawo. Kafin ya tafi kuma sai ya bi ta ƙofar gidan Malam a hankali, ya ɗan tsaya kamar yana gyara madubi. Malam yana zaune a soro yana duba allunan gardawa, ko kai ba ya ɗagawa.

Ni ce na sha karatun tseren. Ban nema ba, amma na haddace. Na san a da kowace ƙasa da launin motarta, Ingila kore, Italiya ja, Jamus ruwan azurfa, Faransa shuɗi. Na san akwai wani tsere a Faransa da ake wuni a kwana ana yi, direbobi suna karɓar juna, kuma a zamanin da sai sun sheƙo a guje da ƙafa sun faɗa motocin kafin a tashi. Na san ana canza taya huɗu kafin in gama ɗaura ɗankwali. Na san ana shiga kwana a hankali a fita da ƙarfi, wannan kam ko a barci aka tashe ni zan faɗa. Da ya nuna wa Inna hoton wanda ya ci tsere yana fesa wa jama'a abin sha daga ƙatuwar kwalba, sai ta ce wannan yaro ba shi da uwa ne? Akwai shekarar da ya ji masu tseren hamada za su ratsa ta Nijar, ya yi ta shirin zuwa kallo, har ya sayi rawani. Na ce ya je, amma ya tafi da yaran. Bai je ba.

Na shiga motar, ba zan yi ƙarya ba. In iska ta bugi fuskarka a miƙaƙƙiyar hanyar Kabo, ga dawa kore shar dama da hagu, akwai daɗi. Amma ban taɓa gaya masa ba, kada ya samu bakin magana.

Da aka ƙaddamar da Shari'a gemunsa ya riga ya yi furfura, motar ma jan ya koɗe. Gari ya ɗauki zafi, kowa ya zama mai wa'azi. Wata Juma'a wasu samari suka tare mu a bakin gari, wai suna so su san matar da ke zaune kusa da shi. Na ɗaga mayafi na dube su. Biyu daga cikinsu ni na koya musu baƙi da wasali a firamare, ɗaya har fitsari ya taɓa yi mini a aji. Na tambaye shi ko ya daina. Suka ba mu hanya har da ɗaga hannu. Wasu kuma suka je wa Malam da maganar cewa motar wasa ce, lagawu ce, wato aikin banza, bai dace da gidan malamai ba. Mijina ya tsorata, don ya san in Malam ya ce a sayar, sayarwa zai yi. Malam ya saurare su har suka gama, ya tambaye su ko doki ma lagawu ne. Bai ƙara ko kalma ba. Mijina ya yi mako yana murna da wannan, amma dai Malam bai shiga ba.

Ranar da abin ya faru damina ce, ana tsakiyar wahalar fetur. Gidajen mai a rufe, tasha ba mota sai awaki. Da hantsi wani mutum ya iso gidan Malam a kan keke, jiƙe da gumi, daga Dugabau. Aminin Malam ne ya rasu, wanda suka tafi gabas karatu tare tun suna samari. Sun yi alkawari tun da daɗewa, wanda ya riga mutuwa ɗayan ne zai yi masa salla. Mai keken ya ce mutanen za su jira zuwa azahar, amma hadari yana haɗuwa, ba za su wuce haka ba.

Ina gidan a lokacin, na je taya Inna tankaɗe. Ƙanen ya tafi kasuwa da akori-kurarsa tun asuba. Malam ba ya iya hawa babur saboda gwiwa. Ya fito tsakar gida da rawani a hannu, ya tsaya, ban taɓa ganinsa ya rasa abin yi ba sai ranar. A duk unguwar mutum ɗaya ne yake ɓoye jarkar fetur saboda yawon Juma'a, kowa kuwa ya san shi.

Inna ce ta yi ƙarfin hali. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Mai babban ɗaki yana da mai."

Malam ya daɗe yana naɗa rawanin nan. Sannan ya ce da ni, "Aika a gaya masa."

Ban aika kowa ba, da kaina na tafi, ina tafe ina tuntuɓe. Na same shi yana gyaran keken ɗinki. Da na faɗa masa sai ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya ce ina hularsa. Tana kansa.

Shigar Malam motar nan abin kallo ne, Allah ya yafe mana, ana cikin rasuwa amma mata a bayan ƙyaure sai da suka toshe baki. Ya saba hawa mota, wannan kuwa sauka ake yi cikinta. Ya sa ƙafa ɗaya, ya tattare babbar riga, ya tafi ƙasa a hankali har sai da gwiwoyinsa suka zo daidai gemunsa. Sandarsa ta rasa wuri, aka soke ta a tsakaninsu. Sai maganar bel. Mijina ya tsaya yana kallon bel ɗin, don in zai ɗaura masa sai ya ranƙwafa a kan ƙirjinsa. Ya dube ni ya ce, "Ki ce wa Malam akwai igiya." Na ce wa Malam akwai igiya. Malam ya ce, "Ki ce masa ya ɗaura." Ya ɗaura, Malam yana kallon sama kamar mai duban wata.

Suka tashi. Daga nan ban gani da idona ba, kujera biyu ce. Abin da zan faɗa daga bakin mijina na ji, Inna kuma ta cike mini sauran daga abin da Malam ya gaya mata.

Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana ba ni labarin gudu, ranar sai ya kama tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Har suka fita gari mai keke yana iya bin su. Malam ya yi gyaran murya, ya waiga dama, ya waiga baya, babu kowa sai tamfol. Ya sake gyaran murya. Ya dubi gaban motar ya ce, "A gaya wa direba hadari yana tasowa." Mijina ya ɗan ƙara kaɗan. Suka yi 'yar tafiya. Can sai Malam ya juyo gaba ɗaya, ya dube shi a fuska.

"Kai, wannan ne gudun da aka dame mu da shi?"

Mijina ya ce bai san lokacin da ƙafarsa ta danne totur ba. Motar ta yi wata ƙara da shi kansa bai taɓa ji ba, bishiyoyi suka dinga wucewa, jelar rawanin Malam ta miƙe a baya. Ya saci kallonsa yana tsoron ya ga ya firgita, sai ya ga ya dafe rawani da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi, idonsa a kan hanya. Da suka doshi wata kwana ya rage, Malam ya ce, "Me ya faru?" Ya ce, "Ana shiga a hankali ne, Malam, a fita da ƙarfi." Malam ya ce, "To fita."

A Kabo suka bar kwalta suka hau burji. Nan motar ta sha wuya, cikinta yana gugar ƙasa, salansa ta fita a wani rami, bai ko tsaya ɗauka ba. Suka shiga Dugabau da ƙara kamar injin niƙa, kaji suna watsewa. An riga an fito da gawar, an fara sahu, liman yana duban sama yana duban hanya. Mutum biyu suka ciro Malam daga motar. Ya gyara rigarsa, ya wuce gaba, ya yi wa amininsa salla. Ana gama rufe kabari ruwa ya sauko.

A hanyar dawowa ruwan ya yi ƙarfi, waifa kuwa ta daɗe da mutuwa. Dole suka tsaya a gindin wata tsamiya kafin Kabo, suka ja tamfol, yana ɗiga a kan gwiwar Malam. Mijina ya cire hularsa ya tara. Suka zauna, ba inda za su, ba kuma wanda za a aika.

Malam ne ya fara. Ya tambaye shi waɗannan da aka ce suna wuni su kwana suna gudu, wane gari suke zuwa. Mijina ya ce ba sa zuwa ko'ina, zagaye suke yi, inda suka tashi nan suke ƙarewa. Ya ce ya jira faɗa, sai ya ji Malam yana dariya ƙasa-ƙasa. Malam ya ce, "Mu ma in mun sauke, Baƙara muke komawa." Ya tambayi yadda suke cin abinci, da wanda yake biyan kuɗin mai, da ko iyayensu suna zuwa kallo. Mijina ya yi ta ba shi amsa, duk karatun da na sha shekara da shekaru Malam ya shanye shi a zama ɗaya.

Sai Malam ya lumshe ido, har mijina ya zaci ya yi barci. Can ya ce, "Wannan da muka rufe yau, tare muka dawo daga gabas da aka aiko an haife ka. A ƙafa muka yi yawancin hanyar. Da muka iso gida cike da mutane, ba halin in dube ka. Shi ya shiga wurin mata ya ce zai yi wa jariri addu'a, ya fito da kai a cikin rigarsa, ya kira ni bayan rumbu ya miƙo mini. Na riƙe ka, shi yana gadi kada wani ya gani. Ka kama mini gemu." Ya share fuskarsa da jelar rawani. "Yau babu wanda ya san wannan sai ni. Shi ya sa na gaya maka."

Ruwa ya ɗauke, suka taho.

Sun iso bayan la'asar, motar ta yi kaca-kaca da taɓo, rabin unguwa a ƙofar gida. Ƙanen ya dawo daga kasuwa, shi ya ciro Malam. Malam ya karɓi sandarsa, ya amsa gaisuwar mutane, ya nufi soro. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce wa ƙanen, "Ka gaya wa wancan jibi sadakar uku. Kada ya makara."

Ƙanen ya ce, "Malam, ai ga tawa motar ta dawo."

Malam ya ce, "Na gan ta." Ya shige.

Na riga mijina isa gida. Na ji shigowar motar, ba salansa ai ko kurma ya ji, amma shiru bai shigo ba. Na leƙa na same shi zaune a ciki, hannuwansa a kan sitiyari, jiƙaƙƙiyar hularsa a kujerar da Malam ya tashi. Na zo da tsiyata a baki, zan tambaye shi ko an ba shi kofin tsere. Da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Na zagaya na ɗauke hular na zauna, ya ba ni labarin tun daga fitarsu gari har gindin tsamiya, yana yi yana tsayawa.

Da ya gama ya dube ni, dattijo mai jikoki, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ashe ya taɓa ɗaukata."

Tausayinsa ya kama ni. Muka zauna a nan cikin taɓo har aka kira magariba, tuwona yana ƙonewa a kan wuta ina jin ƙaurinsa, ban tashi ba.